Rockets da Knicks, 1994: tsaro ne ko rashin iya jifa?

Mubarak: Salamu alaikum jama'a. Na zauna na kalli wasa na bakwai na ƙarshen gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, ta 1994, Houston Rockets da New York Knicks, daga farko har ƙarshe, ba 'yan guntayen da ake yankowa ba. Houston ta yi nasara 90 da 84. Na san manyanmu ba za su ji daɗi ba, amma sai na faɗa: abin da ake ce mana tsaro ne, rabinsa rashin iya jifa ne. John Starks na Knicks ya yi jifa 18, biyu kacal suka shiga. Daga bayan layin maki uku ya jefa 11, ko ɗaya bai ci ba. A duk wasanni bakwai ɗin babu wanda ya kai maki 100, mafi yawa 93. Ni a ganina ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi a yau za ta lallasa su biyun.

Koci Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Mubarak ɗana, ƙwallo ka bi da ido, ba ka kalli hannun masu tsaro ba. Koma ka dubi Derek Harper na Knicks. Tun daga tsakiyar fili yake dafa wa Kenny Smith na Houston hannu a ƙugu, yana karkata shi inda yake so, alƙali na kallo ba ya busa komai, don doka ba ta hana ba. Kenny Smith gwanin jifa ne, amma ya sha wuya a wasannin nan har Houston ta riƙa jingina da Sam Cassell, yaron da shekararsa ta farko ke nan a gasar. In kuma ka tsere wa Harper ka kutsa ƙarƙashin kwando, Charles Oakley da Anthony Mason na jiranka, Patrick Ewing na bayansu. Mutumin da aka yi ta turewa da ƙirji da gwiwar hannu na minti arba'in, ƙafarsa ba ta ɗaga shi yadda ya saba. Jifa kuwa daga ƙafa take tasowa, duk wanda ya taɓa koyar da yara ya san haka. Shi Starks ɗin da ka ɗauka misali, a wasa na shida maki 27 ya ci, 16 a kwata ta huɗu kawai, kuma a shekarar yana cikin zaɓaɓɓun taurarin gasar. Dare ɗaya ya ɓace masa. Ba a auna zamani guda da daren mutum ɗaya.

Mubarak: Koci, Allah ya ƙara girma, ba dare ɗaya ba ne, dare bakwai ne. Ewing kansa, babban tauraronsu, jifansa a wasannin bai kai kashi 40 cikin 100 ba.

Koci Ɗanladi: To wa ke gabansa? Hakeem Olajuwon na Houston, haifaffen Najeriya. Ka ba ni hujja da bakinka.

Yaya Nura: Bari in sa baki da lissafi, kowa ya ɗauki rabonsa. A kakar 1993/94 kowace ƙungiya na jefa ƙwallon maki uku kusan 10 a wasa, tana cin maki 101 da 'yan kai. A kakar 2023/24 jifan maki uku ya kai 35 a wasa, maki kuma wajen 114. Nan Mubarak na da gaskiya, tazarar ba ƙarama ba ce. Amma ƙanena, wasa na bakwai daban yake a kowane zamani. A 2016 Golden State ta ci wasa 73 a kaka, tarihin da ba a taɓa yi ba, Stephen Curry shi kaɗai ya zura ƙwallon maki uku 402. Da aka zo wasa na bakwai da Cleveland nawa aka tashi? 93 da 89. Curry ya jefa 19 ya ci 6. Sama da minti huɗu na ƙarshe Golden State ba ta ci ko maki ɗaya ba, a gidanta. Za ka ce su ma ba su iya jifa ba? Idan kofi na ajiye a gefen fili, alƙalai na barin jiki ya haɗu, kowa ya haddace dabarun kowa, hannu kuma yana nauyi.

Mubarak: Yaya, a 2016 ɗin nan sauran wasanni shida duk wanda ya yi nasara ya haura 100, har da 120. A 1994 ko sau ɗaya ba a yi ba. Kuma ba ni kaɗai na ga matsala ba, ita kanta hukumar NBA ta gani. Ana gama wannan gasa ta matso da layin maki uku daga ƙafa 23 da inci 9 zuwa ƙafa 22, ta kuma fara takura masu dafa hannu. In wasan yana da kyau, me ya sa masu shi suka yi gaggawar gyara shi?

Anti Rabi: Sun gyara ne don masu kallo a talabijin sun fi son maki, wannan maganar kasuwa ce, ba shaidar cewa 'yan wasan ba su iya ba. Layin ma bayan kaka uku aka mayar da shi inda yake a 1997. Amma ni abin da ya dame ni, ku duka biyun kun tsallake dokar da ta fi kowace tasiri, kuma Koci, ka yi haƙuri, wannan ba ta goyon bayanka.

A 1994 doka ba ta yarda da tsaron yanki ba. Dole kowane mai tsaro ya bi mutuminsa, ko kuma ya bar shi gaba ɗaya ya je su yi wa mai riƙe da ƙwallo taron biyu. Ba ka da ikon tsayawa a tsakani kana gadin fili. Ka yi haka alƙali ya yi maka gargaɗi, ka sake a ba abokan karawa jifan kyauta. Sai a 2001 aka cire dokar. Me wannan ke nufi ga babban ɗan wasa kamar Hakeem? Yana nufin in ya juya wa kwando baya ya karɓi ƙwallo, abu biyu ne kawai za su faru: ko a bar shi da Ewing su biyu, ko wani ya taho a fili kowa na gani, ya bar mutuminsa a sake. Yau ba haka ba ne. Kafin ƙwallo ta iso hannunka mutum ɗaya na gabanka, wani ya raɓe a bayanka, na uku yana shiga yana fita cikin da'irar ƙarƙashin kwando kafin daƙiƙa uku su cika. Saboda haka a wancan zamani ƙananan 'yan wasa na waje ne suka sha wahala, manya na ciki suka sami sarari. Yau abin ya juye, musamman tun 2004 da aka tsananta hana dafa hannu. Duk wanda ya ce tsaron da ya fi na yanzu, sai ya faɗa mana a wane ɓangaren fili yake nufi.

Koci Ɗanladi: Rabi, dokar da kika kawo gaskiya ce, ban musa ba. Amma ina aka ga sarari ga wanda Mason ke tura wa gwiwa a bayan cinya? Pat Riley, kocin Knicks, sai ya sa Ewing a kansa, in ya gaji ya kawo Mason, ya kawo Oakley. Duk da haka Hakeem ya tashi da kusan maki 27 a kowane wasa. Ki dubi yadda yake yi. Ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya girgiza kafaɗa kamar zai bi ta layin baya, Ewing ya matsa, sai ya juya ta tsakiya, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, mai tsaro ya tashi sama, shi kuwa ƙafarsa ɗaya na nan kafe a ƙasa, ya ratsa ta ƙarƙashin hammata ya ajiye. Babu dokar da ta ba shi wannan, a Legas ya samo ta, wajen tsaron gida a ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu, kafin ya taɓa ƙwallon kwando yana saurayi. Ni ina tuna makon nan sarai. Ranar 21 ga Yuni Super Eagles suka ci Bulgeriya 3 da nema a Dallas, Rashidi Yekini ya rungume raga yana kuka. Washegari, 22 ga wata, a jihar Texas ɗin dai, Hakeem ya ɗaga kofi a Houston. Ƙasar nan duk hankali na kan ƙwallon ƙafa, mu 'yan tsiraru ne muka san abin da ɗanmu ya yi.

Usman Zariya: Koci ranka ya daɗe, muna alfahari da shi, amma a faɗi gaskiya. Michael Jordan na Chicago Bulls a lokacin ya ajiye ƙwallon kwando, yana Birmingham ta Amurka yana buga wasan sanda, wato baseball. Da yana nan wannan kofi ba zai je Houston ba.

Koci Ɗanladi: Usman, a watan Maris na 1995 Jordan ya dawo. Orlando ta Shaquille O'Neal ta fitar da shi. Ita Orlando ɗin Houston ta ci wasa huɗu a jere, ba ta bar mata ko ɗaya ba, kuma Houston daga matsayi na shida ta taso a yankinta. Kofi na biyu ke nan. Wannan magana ta Jordan ku ajiye ta, ba ita Mubarak ya kawo ba.

Anti Rabi: Ni ma ina so mu tsaya kan wasan. Mubarak, ka ce ka kalla har ƙarshe. Ka lura da abin da ya kashe wasan? Saura ƙasa da minti biyu, aka taru a kan Hakeem, ya fitar da ƙwallo waje, Vernon Maxwell ya zura ta maki uku, tazara ta koma takwas. Wannan ba sa'a ba ce, tsarin kocin Houston, Rudy Tomjanovich, ke nan duk kakar: babba ɗaya a ciki, masu jifa kewaye da shi, Maxwell, Smith, Cassell, Mario Elie, da Robert Horry wanda dogo ne amma yana tsayawa waje. Houston ce ta fi kowace ƙungiya jefa maki uku a shekarar. Hakeem ya gama wasan da maki 25, ya kwaso ƙwallo 10, ya miƙa 7 da aka ci. Abin da kake yabo a wasan yau, irinsa ka kalla, kuma shi ya ci kofin. Knicks da suka dogara da ƙarfin ƙirji su ne suka koma gida hannu rabbana.

Mubarak: Anti, to ai kin zo inda nake. Wanda ya fi kusa da salon yau shi ya yi nasara. Yanzu ki ɗauki wannan salo ki ninka shi uku, ki ba mutum biyar da kowannensu ke iya jifa daga nesa. Wa Oakley zai tsare? Za a ja shi waje a sa shi bin yaro mai gudu, a kowane hari. Kuma yawan gwanaye ma ba ɗaya ba. A da ana ƙirga 'yan ƙasashen waje da yatsu. Daga 2019 zuwa 2025 duk wanda ya zama gwarzon kaka ba a Amurka aka haife shi ba: Giannis, Jokic, Embiid na Kamaru, Shai na Kanada. Mu kanmu shaida ne. A Landan a 2012 Amurka ta ci D'Tigers, ƙungiyarmu ta Najeriya, 156 da 73. A 2021 a Las Vegas muka ci su 90 da 87, da ƙwallon maki uku 20. Duniya ta iya wasan nan fiye da da, ba raini ba ne in an faɗa.

Yaya Nura: Na 2021 wasan sada zumunta ne kafin Olamfik, a riƙa faɗa. Amma batun yawan gwanaye ina tare da kai.

Koci Ɗanladi: Kuma gwanayen wajen wa suke zuwa ɗaukar karatu? Kobe Bryant ya je wurin Hakeem a 2009. LeBron James ya je a 2011 bayan Dallas ta doke shi, shekara mai zuwa ya ɗauki kofinsa na farko. Kana maganar jan babba waje a sa shi bin mai gudu. Ɗana, koma wasa na shida, daƙiƙun ƙarshe, Houston na gaba 86 da 84. Starks na ta zura ƙwallo, ya zagayo ta bayan Ewing zai jefa ta maki uku wadda in ta shiga kofi ya tafi New York. Wa ya bar mutuminsa ya bi shi har bayan layi ya taɓa ƙwallon da ɗan yatsa? Hakeem. Abin da kocin yau ke nema ruwa a jallo a wurin babban ɗan wasa, shi ya yi shi shekaru talatin da suka wuce. Har gobe babu wanda ya kai shi tare ƙwallo a tarihin gasar, 3,830.

Mubarak: Hakeem na cire shi, Koci. Shi a kowane zamani zai yi sarauta. Amma sauran taran da ke fili, musamman na Knicks, ina nan kan bakana.

Koci Ɗanladi: Da wace doka za a buga? In da ta yau ce, ka ba su shekara biyu su yi atisayen da yaran yau ke yi tun suna firamare, sannan mu yi magana. In da ta 1994 ce, ka kawo min ƙungiyarka mai matsakaicin ƙarfi, in ga mai riƙe musu ƙwallo ya tsallaka tsakiyar fili da hannun Harper a ƙugunsa sau casa'in.

Mubarak: Ko da dokar 1994 ne, ba wanda ya hana jifa daga nesa. Su ne ba su yi ba.

Anti Rabi: Sun yi mana, Starks ya yi 11. Laifin da nake gani a daren nan na Riley ne. Rolando Blackman na zaune a benci, tsohon hannu, gwanin jifa wanda aka zaɓa cikin taurari sau huɗu, bai sa shi ko minti ɗaya ba, ya bar Starks yana ta jefawa har kwata ta huɗu ta ƙare. Da maki shida aka ci su. Biyu kawai cikin sha ɗayan nan su shiga an yi kunnen doki, kuma da yanzu wata muhawarar muke yi daban.

Usman Zariya: Anti, in kin cire Starks kin cire mai tsare Maxwell. Blackman ya manyanta a lokacin, ƙafarsa ba za ta bi shi ba.

Anti Rabi: Maxwell ɗin ai 21 ya ci da Starks a kansa. Minti biyar kawai nake nema, Usman, a farkon kwata ta huɗu, yaron ya zauna ya sha ruwa hankalinsa ya dawo.