Tirelar kwana a bakin gona: wa ya taɓa fama da yoyon da ba a ganin inda yake?

Manomin Kadawa:
Assalamu alaikum. Bara bayan girbin shinkafa na sayi tsohuwar tirelar kwana, irin wadda Turawa ke ɗaurawa a bayan mota su tafi hutu. Ƙirar Amurka ce, wasu masu aikin hanya ne suka zauna a cikinta suka gama suka bar ta. Na sa tarakta ta jawo min ita bakin gona, don na gaji da sintiri tsakanin Kano da Kadawa a lokacin noman rani, ga ɓarayin injin ban ruwa. Tana da gado, da ɗan kicin, da banɗaki wanda in ka sunkuya sai gwiwarka ta bugi ƙofa. Tankin ruwa yana ƙarƙashin gado, famfon da ke tura ruwan da batirin mota yake aiki.

Damuwata ita ce, cikin dare famfon nan sai ya tashi da kansa, ya yi gurnani kaɗan ya yi shiru, alhali ba wanda ya taɓa ruwa. Daren farko da mai ɗakina ta kwana a ciki, Ayatul Kursiyyu ta yi ta ja har asuba. Yanzu kuma daɓen gefen gado ya fara lotsawa, in na taka sai in ji kamar na taka jiƙaƙƙen burodi. Na san ruwa na zuba a wani wuri. Amma duk bututan an binne su a bayan katako, ƙofar da suka bari ta dubawa kuwa ba ta fi tafin hannu ba. Na zura hannu har kafaɗa, abin da na samo kawai kashin ɓera. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka.

Mai gyaran famfo daga Kura:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ba mutanen ɓoye ba ne. Famfon yana da ɗan makunni a kansa mai jin ƙarfin ruwa. Idan ƙarfin da ke cikin bututu ya kai iyaka sai ya kashe kansa, idan ya ragu sai ya tashi ya cike. Tunda yana tashi ba a buɗe komai ba, ɗayan biyu ne: ko ruwa na tsiyaya a wata mahaɗa, ko yana komawa tanki ta cikin famfon saboda yashi ya tokare robar da ke hana shi komawa. Ka ɗaura bawul a bakin famfon ta inda ruwa ke fita, ka rufe ka kwana. In ya yi shiru har safe, yoyon yana gaba. In ya ci gaba da tashi, shi ne mai laifin. Amma tunda daɓe ya jiƙe, ni na riga na san amsar.

Ka duba min launin bututun. Idan ja da shuɗi ne, ko fari kamar madara, PEX ne, mai kyau ne, mahaɗa kawai za a gyara. Idan ruwan toka ne, musamman in ka ga an buga PB2110 a jikinsa, to ka yi haƙuri. Wannan shi ne wanda aka yi ta sawa a gidaje da tireloli a Amurka daga 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1990, aka daina saboda yana tsufa ta ciki, ya yi ta tsagewa ba sanarwa. Na taɓa lallaɓa irinsa sau uku a tirelar wani bawan Allah, ina gyara nan yana ɓallewa can, har ya fara yi min kallon macuci. Ba a faci a jikinsa, cire shi ake yi gaba ɗaya.

Sai abu na biyu da ya ci min rana guda cur. Zaren kayan Amurka, wato haƙoran da ake murɗawa a ɗaure mahaɗa, da na kayan da muke saya a Ƙofar Ruwa ba ɗaya ba ne. Namu na tsarin Ingila ne. A rabin inci duka biyun zare 14 ne a kowane inci, shi ya sa za ka ga ya ɗauru lafiya lau, ka ce an gama. Amma yankan haƙoran ya bambanta, sai ya riƙa gumi a hankali. Idan kuma macen, wato wadda zarenta ke ciki, ta roba ce ka ƙara matsewa da filaya, ta tsage. Ni yanzu yanke tsohon nake yi in haɗa da guntun tiyo mai zare a ciki da kilif biyu, hankalina kwance.

Ɗan Auyo:
Ni tawa 'yar Ingila ce, ba ta ma da tanki a ciki. Wata 'yar ganga ake ajiyewa a waje a jefa ƙaramin famfo a ciki. Bututanta sirara ne, milimita 12, irin na turawa a ji ƙas. Na zagaye Sabon Gari da ɗan guntu a aljihu, duk wanda na nuna wa sai ya juya shi ya ce sai dai Legas. Raina ya ɓaci, na dawo na fige komai. Na sa mai walda ya yi min ƙafa, na ɗora tanki a sama, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa. Ba batir, ba gurnani, ba fis da zai ƙone. Alhaji ka bi wannan hanyar ka huta.

Kuskure ɗaya na yi da farko, na bar siraran bututan na haɗa su da tankin sama. Ruwan wanka ya riƙa fitowa kamar hawayen munafuki. Sai da na mayar da su manya sannan ya zama abin arziki.

Mai gyaran famfo daga Kura:
Dole ya yi haka. Ƙarfin ruwa da bar ake auna shi, duk mita 10 na tsawo ne ke ba da bar ɗaya. Tankinka da ke mita 3 bai kai kashi ɗaya cikin uku na bar ɗaya ba, famfon batir kuwa yana kaiwa wajen bar 3. Siririn bututu don mai ƙarfi aka yi shi.

Na Fadamar Ringim:
Ɗan Auyo, shawararka ta wanda tirelarsa ta zama ɗaki ce. Mu da ke bakin kogi ba mu isa ba. Ambaliyar 2022 ta koya min hankali, yanzu da zarar ruwan Agusta ya fara nauyi nake janye tawa zuwa tudu, da rani in dawo da ita. Wa zai riƙa ɗaukar hasumiyar ƙarfe yana yawo da ita? Kuma na gwada farin bututun nan na gam. Tafiya ɗaya a kan hanyar shanu, da na kunna ruwa sai ga mahaɗa uku suna feshi. Ba ya son girgiza ko kaɗan. Koren nan da ake narkawa da wuta, PPR, shi ya zauna min, shekara biyu ke nan. Sai dai na sa tiyo mai laushi kamar kamu ɗaya kafin famfo da bayansa, na kuma ɗora famfon a kan yankin tsohuwar tayar babur. Ƙarar da a da ke tada yaro daga barci yanzu sai ka kasa kunne.

Kafinta ɗan Garun Malam:
Kowa yana maganar bututu, ba wanda ya ce ta ina hannu zai shiga. Masu ƙera abin nan sukan shimfiɗa bututu da waya tun ana daɓe, sannan su kawo gado da kabad su rufe a kai. Kyan gani suka nema, wanda zai gyara bayan shekara 20 ba ya cikin lissafinsu. Don haka Alhaji kada ka ji tausayin katakon, yanka za a yi. Amma ba da ka ba.

Bangon ciki bai fi kaurin kwali biyu ba, a bayansa akwai wayar wuta, wani wurin har da bututun gas na jan ƙarfe. Ni na taɓa cin waya da zarto, Allah ya taimake ni batir a cire yake. Tun ranar, sai na rufe tukunyar gas, na cire batir, na huda ƙaramin rami, na zura wayar hannu da fitilarta a kunne na ɗauki bidiyo. Abin da na gani shi zai gaya min inda zan ja layi. Ina ƙwanƙwasa bango in ji inda sandunan suke, in yanka daga tsakiyar sanda zuwa tsakiyar sanda, don abin da na cire ya sami wurin komawa ya zauna. Shi wannan yankin da na cire shi ne ƙyauren. In yi masa baki da siririn katako, in ɗaure da noti huɗu, ba ƙusa ba, don gobe sukudireba kawai ake buƙata.

Wurare uku ba na bari: gefen famfo, bayan wurin wanka inda kan famfo yake haɗuwa, da ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Girman ƙofa kuwa ma'aunina ɗaya ne, hannu biyu da filaya su shiga, ido kuma ya ga abin da suke yi. Ƙofar da hannu zai shiga ya toshe wa ido hanya wahala ce kawai. Ta saman gado ma na fi so a mayar da duk allon ya zama mai ɗagawa kamar murfin adaka.

In ƙofar ta waje ce, a sa mata roba a baki saboda ruwan sama, kuma duk ramin da bututu ya ratsa daɓe a toshe shi da ragar ƙarfe. Soso ko tsumma abincin ɓera ne. A wata tirela a Bunkure na buɗe bayan banɗaki na tarar da kunama uku sun yi gida a cikin danshi, ɗaya tana goye da 'ya'ya. Yanzu ko ƙofar da na yi da hannuna ce, sai na haska kafin in sa yatsa.

Hajiya mai gonar tumatir:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ya dame ni daban ne, kuma na san matanku ma shi ne zai dame su ko ba su faɗa ba. Masan cikin nan tanki ne a ƙarƙashinsa, an yi shi don mutanen da ke goge jiki da takarda, su kai shi wani wuri na musamman su juye. Mu masu buta kwana biyu ya cika. Ga zafin watan Afrilu da ke wuce 40, abin yana dahuwa a ƙarƙashinka, kuma ina za ka kai shi? Na sa aka wanke shi tas, aka toshe, aka haƙa min salga a bayan darbejiya nesa da rijiya. Wurin wankan kawai na bari.

Ko da hakan wani wari ya riƙa tasowa duk sanda na yi mako ban zo ba. Ashe ɗan ruwan da ke kwanciya a lanƙwasar bututun ƙasa ne ke tare warin, iskar hunturu kuma ta busar da shi. Yanzu ina shiga, kafin in ajiye mayafi, sai na zuba moɗa ɗaya a kowace magudana. Bututun wanke-wanke kuma ba ya ɗaukar ɗauraye-ɗaurayen tukunyar tuwo da man ja, sau biyu yana toshewa, na koma wanke tukwane a waje yadda na saba.

Malam kafinta, in za ka yi wa Alhaji aiki ka tuna masa ya fitar da kan famfo ɗaya waje, daidai gwiwa, a sa dutse a ƙasa. Alwala a wannan ɗan kwanon na ciki sai ɗan wasan motsa jiki. Ma'aikata ma sun daina shigo min da taɓo.

Ɗalibi daga Wudil:
Baba Alhaji, don Allah kada a haɗa tukunyar ruwan zafin da janareta. Ta Amurka wuta mai volt 120 take ci, tamu 230 ce. Ta mahaifina ko minti biyar ba ta yi ba ta ƙone, da ƙyar muka kashe warin. Mun zagaye ta da bututu mun bar ta a wurin.

Na Fadamar Ringim:
Na manta ban faɗa ba. In ruwan kanal kake ɗura wa tankin, ka sa matata kafin famfo, irin mai gilashin da ake gani, kuma a inda za ka iya kwance ta kana tsaye. Tawa duk mako sai na zubar da yashi cokali guda. Ni dai na daina ruwan kanal ma gaba ɗaya saboda tsargiya, daga rijiyar burtsatse nake kawowa a jarka. Tankin kuma duk farkon rani nakan zuba ruwan bilic kamar rubu'in kofi a kowace lita 60, in buɗe kowane kai har in ji warinsa, ya kwana, in zubar in ɗauraye sau biyu.

Manomin Kadawa:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Bututun ruwan toka ne, malam na Kura ya canka. Mun ɗaga allon gado gaba ɗaya, muka yanka ƙofa a bayan tukunyar ruwan zafi. A nan muka sami wata 'yar mahaɗa mai baki uku ta tsage kamar gashi, in famfo ya tashi sai ta yi ɗigo ɗaya-ɗaya. Kusa da ita kuma ɓera ya ɗanɗana bututun bai kai ga hudawa ba. Ɗigon nan shi ya ci katako faɗin tabarmar sallah.

Mun cire komai mun sa koren. Famfo da matata da fis mun fito da su daga ƙarƙashin gado, mun jera su a kan allo ɗaya a cikin akwatin da ake buɗewa ta waje. Kowane layi da bawul ɗinsa, na kicin, na wanka, na alwala, na rubuta sunansu da fenti don yaran gona. Ɗan Auyo ka yi haƙuri ban bi taka ba, mai gonar da nake haya bai tabbatar min da baɗi ba, ƙila in ja ta in yi gaba. Dare huɗu ke nan famfo bai yi tari ba.

Saura daɓen. Na buɗe shi yana shan iska, amma sandar ƙasa guda ɗaya ta yi baƙi, ina tura sukudireba tana shigewa. Malam kafinta, canza ta za a yi, ko a haɗa mata wata a gefe?

Kafinta ɗan Garun Malam:
Sai na gani da idona Alhaji. In ruɓar ba ta kai inda ta hau kan ƙarfe ba, a haɗa mata 'yar uwa a ɗaure. Kada ka rufe, ka bar ta ta ƙara kwana bakwai a buɗe. Zan biyo ranar Juma'a bayan an sauko, ka sa yaro ya jira ni a bakin titi don ban san ta wace gada ake shiga gonar ba.