Kewar Gida a Alƙahira: Musayar Baitoci

Baƙon Bu'us:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da saukata Masar, ina zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje da ke Abbasiyya. Daren jiya barci ya ƙaurace mini, sai na juye abin da ke raina a baiti. Babban amsa-amon "wa" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ya hukunta mana rabuwa,
Na bar Kano, na baro uwa,
Na zo Masar neman ƙaruwa,
Sai ga ni kwance ina ta kewa.

Sanyin Janairu ya ratsa jiki,
Bargo biyu, babu ɗumi a ciki,
Littafi a buɗe, ba na aiki,
Ido a shafi, zuciya na gidan biki,
Can unguwarmu ana ta shewa.

Da safe wake, da rana gurasa,
Da dare koshari da soyayyar albasa,
Ni ko mafarkina fura da masa,
Na ci na ƙoshi, amma na ƙosa,
Wace miya ce babu daddawa?

Na zo da nahawun Islamiyya,
Na tsaya ciniki a bakin hanya,
Mai kanti ya dube ni yana dariya,
Jimun ya koma "ga", ƙafun ya ɓuya,
Ni da shi babu mai ganewa.

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam. Daga Kumasi nake, shekarata ta uku a nan.

Ƙanena, share hawayenka,
Duk mun sha wannan kafin zuwanka,
Maganin kewa na cikin tukunyarka,
Ranar Juma'a ɗauko kwanonka,
A Hayyul Ashir muke haɗuwa.

Mulukiyar da suke ta yabo,
Ashe da ita muna da sabo,
Karkadensu ma ai shi ne zoɓo,
Ita ayoyo muke ce mata a Aboabo,
Ku Kanawa lalo kuke cewa.

Duk mai zuwa hutu in zai dawo,
Kuka da yaji muke ce ya kawo,
Garin masara a nan za mu sawo,
Mu tuƙa tuwo, hira ta yi tsawo,
Da Hausa zalla, ba gaurayawa.

'Yar Damagaram:
Yaya, wannan baiti naka na ƙarshe shi ya taso ni. A yi mini afuwa.

Ɗan Zango, tuwonka na da daɗi,
Amma bari in yi maka gargaɗi,
Na ga mai shekara huɗu yana taɗi
Da 'yan gida kaɗai, har ya faɗi,
"Rasib" ya gani a jarrabawa.

Ɗalibin kirki bakinsa a buɗe,
Ya yi kure, a yi dariya, ya kaɗe,
Mai naɗe harshe, ko ya daɗe,
Yana nan baƙo, hannu a harɗe,
Ko gurasa sai da mai fassarawa.

Sai waya, ita ce ta fi cuta,
Kana Masar kana leƙen Kurna da Dakata,
Ka gai da Inna, ka ji muryarta,
Ka kashe wayar, ka bar ta ta huta,
Hadda kishi gare ta da yawa.

Ɗan Zango:
Malama, na ji harbin bakinki,
Amma ranar da zazzaɓi ya kama ki,
Nahawu ne zai dama kununki?
'Yar gida ce za ta kwana gefenki,
Yini ɗaya a mako, ina laifin haɗuwa?

Tsohon Azhari:
Madalla da ku, 'ya'yana. Ni na gama na dawo, ina koyarwa a Maiduguri. Baƙon Bu'us, kafin baitocina ka san inda ka sa ƙafa. An aza harsashin masallacin Azhar a 970 Miladiyya, aka fara salla a cikinsa a 972. Daga cikin riwaƙoƙinsa, wato sassan da aka ware wa ɗalibai gwargwadon ƙasashensu, har da na mutanen Borno. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem ke da makarantarsu a birnin nan. Imamu Suyuɗi kuwa, wanda ya rasu a 1505, daga nan ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Kewar da kake ji tsohuwa ce, gadonta ka yi.

Ɗana, ba kai ka buɗe hanya,
Magabata sun keto ta da wuya,
Bisa raƙumi, daga rijiya zuwa rijiya,
Babu jirgi, babu waya,
Wasiƙa sai an sami ayari mai komawa.

Ka ci tuwon, ka tashi da wuri,
Ka je masallacin Azhar ka shiga jeri,
Shehunai na karantarwa cikin haƙuri,
Ba a biyan ko fam, sai dai nazari,
Wanda ya makara shi ke rasawa.

Alƙalami kada ya bar hannunka,
Abin da ka ji, ɗaure shi a takardarka,
In ba ka gane ba, ɗaga yatsanka,
Kar ka raina wanda ke ƙasanka,
Wani yaron Indunusiya ya fi ni iyawa.

Layin izinin zama ma aji ne, sai ka jure,
Za ka ji "bukra", wai gobe, har kai ya ɗaure,
Tafi da littafi, ka raɓa gefen zaure,
Kafin a kira ka babi ya ƙare,
Ni a nan na san daɗin maimaitawa.

Yau shekara tara ina garina,
Ga tuwo, ga 'ya'ya a gabana,
Amma da azumi ya kama, sai idona
Ya nemi fitilun fanus a layina,
Kunne na jiran igwar shan ruwa.

Koshari ɗin nan da kake yi wa tsaki, ni yanzu nemansa nake ido rufe. A batun harshe kuwa ina bayan 'yar Damagaram: yaren kan titi ba ya ɓata fus'ha, wato Larabcin littafi, kunya ce ke ɓata ta.

Baƙon Bu'us:
Na gode Baba, na gode Yaya,
Malama, na rage riƙon waya,
Yau bayan azahar na kama hanya,
Darbul Atrak, in ga littafin saya,
Bayan masallaci, gun masu sayarwa.

Na ce "bikam?", ya faɗa, na ce ya rage,
Ya yi rantsuwa, ni ma na dage,
Larabcina na ɗingishi, bai goge,
Amma fam goma sai da ya zabge,
Muka yi musabaha wajen rabuwa.

Kewar dai tana nan, ba ta tafi ba,
Da na ji muryar Inna ban daure ba,
Ɗan Zango, tuwon Juma'a ba zan ƙi ba,
Sai dai motar Ashir ban san ta ba,
Daga Abbasiyya ina ake hawa?

Ɗan Zango:
Tsaya a bakin ƙofar Bu'us bayan an sauko daga masallaci, zan zo in ɗauke ka. Amma kai za ka yi wa direba magana, kar Malama ta sake harbina. In akwai sauran yajin Inna a jakarka, kada ka baro shi.