Jaki da Giwa: musayar waƙa kan yaƙi da ƙuri'a a Amurka

Baba Mai Tasi, Bronx

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina gyaran akwati na ci karo da kwalin da na ɗaga ranar 15 ga Fabrairu, 2003, ranar da muka fito kada a kai wa Iraƙi yaƙi. Barci ya ƙaurace mini, sai waƙa ta zo. Jaki alamar Dimokurat ce, Giwa ta Rifablikan. Ƙafiyata "ba" ce. Mai amsa, bismillah.

Da sunan Allah zan fara,
Wanda bai taɓa barci ba.

Salati ga Manzo mai girma,
Wanda bai ci amana ba.

Asabar ce, sanyi na yanka,
Ban ɗau fasinja ko ɗaya ba.

Na aje tasi na bi sahu,
First Avenue, ban gaji ba.

Mun nemi izinin yin maci,
Hukumar birni ba ta ba mu ba.

Suka killace mu cikin shinge,
Ga dawakai, ba mu watse ba.

Baƙi da fari, yaro da tsoho,
Ban ga mai ja da baya ba.

Landan ta cika, Roma ta batse,
Irin taron ba a saba ba.

Muka ce Iraƙi a ƙyale ta,
Ba ita ta rusa benayen ba.

Wata guda da 'yan kwanaki,
Bagadaza ba ta runtsa ba.

Giwa ce ta ja gaba, na sani,
Amma fa Jaki bai ƙi ba.

Sanata 77 sun yarda,
23 ba su yarda ba.

Biden da Kerry da Hillary,
Ko ɗaya bai ce a'a ba.

Su ukun sun nemi ƙuri'ata,
Na bayar, ban yi musu ba.

Shekara 20 da ɗoriya yau,
Kwalin nan bai tsufa ba.

Goge Iraƙi ka sa Gaza,
Sauran zancen bai canja ba.

Ku gaya mini amfanin fita titi,
In masu mulki ba su ji ba.

Ɗan Arlit, Greensboro

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya. Da sunan ƙasata Nijar aka ɗinka ɗaya daga cikin ƙarairayin yaƙin nan, don haka dole in sa baki.

Baba, ka sosa inda ke min ƙaiƙayi,
Ba zan iya yin shiru ba.

Ni ɗan garin yuraniyom ne,
Ƙurarsa ba ta bar ƙirjina ba.

Suka ce Saddam ya zo ciniki,
Tan 500, ba kaɗan ba.

Suka aiko jakada Wilson har Yamai,
Ya bincika, bai ga komai ba.

Ya koma ya faɗi abin da ya gani,
Ba a ɗau maganarsa ba.

Bush ya tsaya gaban majalisa,
Ya ce Afirka, bai ji nauyi ba.

ElBaradei, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya duba takardun,
Ya ce jabu ne, ba sahihai ba.

Akwai sa hannun wani minista,
Da ya bar kujera tun ba yau ba.

Ran 7 ga Maris ya tona,
Mako 2 bai cika ba,

Wuta ta tashi a bakin Dijla,
Tonon bai hana komai ba.

Malama Ta Shikago

Ku yi haƙuri, "ba" ta ƙi ni yau, zan hau "ri". Baba, laifin ba na 'yan siyasa kaɗai ba ne. Akwai waɗanda aikinsu shi ne tambaya, suka zama maroƙa.

Ni kukana da 'yan jarida,
Masu alƙalami da takarda,
Su suka sa jama'a ta yarda,
Suka share wa yaƙi wuri.

Sakataren harkokin waje Powell ya je Majalisar Duniya,
Da 'yar kwalba yana nuniya,
Suka ce ai ga ta nan gaskiya,
Suka sa ta a shafin fari.

Tsofaffin janar cike da allo,
Dare da rana muna kallo,
Suna sharhi kamar na ƙwallo,
Ba mai zancen mutan gari.

Phil Donahue a talabijin ya buɗe ƙofa,
Ga masu cewa kar a jefa,
MSNBC ta sa masa ƙafa,
A Fabrairu ta rufe shiri.

New York Times ta dawo baya,
Ta ce ta gaza yawan tambaya,
An riga an kashe dubbai, ba ɗaya,
Wannan shi ne ihu bayan hari.

Ɗalibai sun kwana a fili,
Kyamara ta tsallake dalili,
Ta je ta nemo wani jahili,
Shi ne ya zama kan labari.

Da an tambaye su da sun faɗi:
Jami'a ta buɗe littafin kuɗi,
Kamfanin makami mai jin daɗi,
A je a janye masa jari.

Neman afuwar jaridar nan sai a watan Mayun 2004 ya fito. Baitocin ƙarshe kuwa kan ɗaliban Jami'ar Columbia ne, Afrilun 2024. Da suka shiga ginin Hamilton sun sa masa sunan Hind Rajab, ƙaramar yarinyar da aka kashe cikin mota a Gaza bayan ta yi ta roƙon ceto ta waya. Ɗalibaina da yawa sun ga hoton tagar da aka fasa. Da na tambaye su wace ce Hind, kaɗan ne suka sani.

Malam Na Kumasi, Columbus

Na san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma zan faɗe shi don Allah.

Baba, na ji kukanka sarai,
Ban ce ka yi ƙarya ba.

Masu cewa duk kanwar ja ce,
Ni dai ban bi sahunsu ba.

A 2000 aka yi fushi da Gore na Jaki,
Aka bi Nader na jam'iyyar Green, ba a hanga ba.

Ƙuri'a 537 a Florida,
Ita ta ba Bush, ba dubu ba.

Nader ya kwashi sama da 97,000,
Lissafin bai ɓace min ba.

Gore da bakinsa ya soki yaƙin,
Tun ba a harba ko ɗaya ba.

Giwa ta dawo ta rufe ƙofa,
A 2017 Chadi ba ta tsira ba.

A 2020 ta kai ga Najeriya,
Bizar zama ba ta fito ba.

Tambayi mai mata a Kano,
Da ya yi ta jira bai gan ta ba.

Ran da Biden ya sha rantsuwa,
Ya soke dokar, bai kwana ba.

Inshorar lafiya ta Obama,
Ita ta sa ban yanke magani ba.

Gudun gara a faɗa gidan zago,
Ban ga dabara a ciki ba.

Harbin jaki ana jinyarsa,
Takun giwa bai bar mai rai ba.

'Yar Mishigan, Detroit

Kawu, ina gaisuwa. Yanzu na taso daga aikin dare a asibiti, ban ko cire takalmi ba. Ka gafarce ni, ni ma zan sauya ƙafiya.

Kawu, da ladabi zan amsa,
Ba raini ne ba, sai damuwa.

Na ƙwanƙwasa ƙofofi a 2020,
Don Jaki ya ka da Giwa.

Mun ba shi Mishigan da guminmu,
Baƙaƙe da Larabawa.

Maƙwabciyata 'yar Dearborn ce,
Kullum waya take dubawa.

Danginta suna Khan Yunis ta Gaza,
Ana ta ƙirga masu mutuwa.

Bam ɗin da ke sauka kansu,
Harajina ke sayowa.

Dala biliyan 3.8 ga Isra'ila duk shekara,
Tun zamanin Obama aka ƙulla bayarwa.

Ba mu ce za mu bi Trump ba,
Gargaɗi muka fara aikawa.

Ran 27 ga Fabrairun 2024 mun fito,
Zaɓen fid da gwani, sanyi na ratsawa.

Muka dangwala "ba mu da gwani",
Sama da 100,000, har da Yahudawa.

Agusta, babban taron Jaki a Shikago,
Minti kaɗan muke roƙawa,

Bafalasɗine ɗaya ya hau dandamali,
Ya faɗi abin da ke faruwa.

'Yan Giwa aka ba lasifika,
Namu a waje suke kwanawa.

'Yar majalisa Rashida Tlaib ta yi magana kan Gaza,
Majalisa ta yi mata tsawa.

'Yan Jaki 22 sun sa hannu,
Wannan ba na mantawa.

'Yan majalisa Bowman da Cori Bush sun faɗi zaɓe,
Kuɗin AIPAC, ƙungiyar goyon bayan Isra'ila, na kwararowa.

Wanda ya ci ladan kuturu,
Aski zai yi, ba makawa.

Mu ne kura mai shan bugu,
Gardi na gefe yana ƙirgawa.

In sun san ba ni da wurin zuwa,
Me zai sa su ji ina kokawa?

Malam Na Kumasi, Columbus

'Yata, Allah ya yi miki albarka,
Hawayenki ban raina ba.

Nuwamba ta zo, Dearborn ta juya,
Trump ya ci ta, ba a zata ba.

Fabrairun 2025 ya ce zai karɓe Gaza,
Bai ko saya maganar ba.

Maris aka kama Mahmoud Khalil na zanga-zangar Columbia,
Katin zama bai cece shi ba.

Yuni aka rufe wa Chadi da Sudan,
Ƙofar da ba ta daɗe a buɗe ba.

An yi fushin, na ga fushin,
Ribar ce ban gani ba.

'Yar Mishigan, Detroit

Kawu, Trump bai ga ƙuri'ata ba,
Wannan ina iya rantsuwa.

Wata tara muna gargaɗi,
Suka toshe kunne, ba sa saurarawa.

Wanda aka roƙa ya ƙi ji,
Shi ya kamata ka fara tuhumawa.

Mai makoki ba a ce masa,
Tashi ka yi wa mai bindiga rawa.

Ɗan Arlit, Greensboro

Malam da ƙanwata, ku ɗan numfasa. Tambayar Baba na nan ba a taɓa ta ba.

Kwana 3 da harin 11 ga Satumba,
Hayaƙi bai ko lafa ba,

Aka ba Bush wuƙa da nama,
Iyaka ba a gindaya ba.

'Yan majalisa 420 suka ce to,
Barbara Lee ba ta ce ba.

Mace ɗaya daga Oakland,
Barazanar kisa ba ta karya ta ba.

Shekara 20 aka yi a Afganistan,
Hangenta bai kuskure ba.

A 1967 Martin Luther King ya soki yaƙin Biyetnam,
Manyan jaridu ba su ƙyale shi ba.

Muhammad Ali ya ƙi sa kakin soja,
Kambunsa ba su bar masa ba.

Shekara ta juyo, Shugaba Johnson ya ce,
Ba zai sake tsayawa ba.

A 2008 Obama ya ka da Hillary,
Ƙuri'ar Iraƙi ba ta sake ta ba.

Taronku, Baba, ya yi aiki,
Sai dai bai zo da wuri ba.

Malama Ta Shikago

Ƙanena, baiti ɗaya kan wanda ka ambata, tunda daga garinmu ya fito, kuma kai ka fi ni sanin abin da 2011 ta jawo wa yankinku.

Obaman da muka yi wa guɗa,
Jirgi maras matuƙi ya faɗaɗa,
A Libiya da NATO ya haɗa,
Har yau Sahel na cikin haɗari.

Baba Mai Tasi, Bronx

Na karanta duka ina layin fasinja a filin jirgi. Allah ya saka muku da alheri.

Malam da 'yata, ku sassauta,
Cikinku ba wanda bai ƙonu ba.

Ni na ba Jaki tawa sau da yawa,
Bam bai daina sauka ba.

'Yata ta hana shi tata,
Bam ɗin dai bai tsaya ba.

Bari in ba ku abin da na gani,
Da idona, ba a allo ba.

Bashin lambar tasi ya ci mu,
Wasu ba su iya jurewa ba.

Direbobi sun kashe kansu,
Zancen nan ban so tunawa ba.

A 2021 muka zauna,
Ƙofar magajin gari, ba mu gusa ba.

Kwana 15 ana yajin abinci,
Wani ɗan majalisa bai bar mu ba.

Zohran Mamdani ne sunansa,
Ya zauna cikinmu, shi ma bai ci ba.

Aka sauko da bashin zuwa dala 170,000,
Da dama ba su rasa gidajensu ba.

A 2025 ya nemi birnin,
Manyan Jaki ba su so shi ba.

Tsohon gwamna Cuomo ya zo da masu kuɗi,
Sau 2, bai kai labari ba.

An matsa masa kan zancen Gaza,
Yaron nan bai janye ba.

Mu muka bi gida gida a Bronx,
Gwiwata ba ta hana ni ba.

Kujerar magajin gari, na sani,
Ba ta isa ta tsai da bam ba.

Kwalin dai na kaɗe masa ƙura,
Ban mai da shi akwati ba.

'Yata, ki gaishe mini da maƙwabciyarki, ki yi mata ta'aziyya a madadinmu duka. In ta yarda, ki turo mini sunayen mamatanta, zan miƙa wa limaminmu a sa su cikin addu'a ranar Juma'a.