Saƙata tana tsukewa, ina nake kuskure?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu saƙa, don Allah ku taimaka mini. Sati uku ke nan da na fara koyon saƙar kwarashi, amma abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. Nakan fara da ido 20 (wato ƙullin ulu ɗaya-ɗaya da ke jere a layi), kafin in kai layi na shida sai in ƙirga in ga saura 16, gefen ya karkace kamar an ja shi. Sau huɗu ina warwarewa, har ulun ya yi gashi-gashi.

Kwarashina mai milimita 4 ne. Ina zargin wajen juya saƙar a ƙarshen layi nake tsallake idon ƙarshe, don da kyar nake ganinsa. Sarƙar ulu da ake yi kafin a juya, don a hau sabon layi, ana ƙirga ta a matsayin ido ko kuwa? Bargon jaririn ƙanwata nake so in saƙa, ga shi haihuwa ta matso.