Neman kalma: ƙarafan nan biyu da ake ɗaura wa tarakta a gaba

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min cikin gaggawa. An ba ni wata ƙasida mai shafi shida in mayar da ita Hausa, ta koya wa masu walda yadda za su ƙera wa tarakta abin da Turawa ke kira "pallet forks". Ƙarafa ne biyu dogaye, a cire bokitin loda, wato hannun ɗaga kaya na gaban tarakta, a ɗaura su a gurbinsa, su zura ƙarƙashin katakon da aka jera wa buhuna, a ɗaga gaba ɗaya. Jibi Alhamis mai ɗab'i zai karɓa. Na rubuta "cokali mai yatsu na tarakta", na karanta wa maiɗakina, ta ce min taliya zai ci? Shi kansa katakon ma ban san me zan kira shi ba.

Ɗan Panteka: Wa alaikumus salam. Mu a shagonmu ƙaho muke cewa. Mutum ya zo ya ce a yi masa ƙaho, sai dai mu tambaye shi ƙafa nawa. Katakon kuwa falet, ba mu da wani suna.

Hajiyar Rediyo: Yatsu kawai ba zai yi ba? "Yatsun tarakta."

Malamin Nahawu: A'a, ku dakata. Ƙaho sama yake kallo, kuma aikinsa suka. Waɗannan a kwance suke, aikinsu ɗauka. Me ya sa kullum sai mun siffanta abu da jikin dabba, alhali harshen yana da hanyarsa ta ƙera sunan kayan aiki? Buɗe ya ba mu mabuɗi, girbe ya ba mu magirbi, sassabe ya ba mu masassabi. Ɗaga abu mai nauyi ɗungurungum shi ne sunguma. Saboda haka: masungumi, jam'i masungumai. Katakon kuma gammo, tunda shi ke shiga tsakanin kaya da mai ɗaukarsu.

Hajiyar Rediyo: Masungumi ya yi daɗi a baki, Malam. Amma gammo fa? Tsumma nake gani a kan mai talla.

Na Maraɗi: Mu nan furshi ne da palet, gadon Faransa. Ku kun gaji Ingilishi, mu Faransanci, kowa da uban gidansa. In za a yi kalmar da za ta tsallake Jibiya ta iso mu, ni haure zan ce. Ai da haurenta giwa ke ɗaga gungume, kuma gaba yake miƙewa, ba sama ba.

Malamin Nahawu: A rubuce ba a sa karin sauti. Mai karatu zai ga haure ya ɗauka inda ɓarawo ke tsallake katanga ake nufi.

Na Maraɗi: Wane ɓarawo a takardar walda, Malam? Ku dai Kanawa in kalma ba ta fito daga cikin badala ba, ba ta cika Hausa ba.

Malamin Nahawu: Ni Bazazzagi ne, ɗan uwa. Kuma maganata ba ta gari ba ce. Rashin kishi ne ya kai mu yau yaro ba zai haɗa jimla ɗaya ba sai da Turanci uku. Waɗanda suka ce jirgin sama da keken ɗinki ba su fi mu kai ba, zama kawai suka yi suka yi tunani. Yau mu karɓi falet, gobe fok, jibi sai mu nemi harshen mu rasa.

Tsohon Direba: To mota fa? Tarakta fa? Har waldar da ake magana a kai. Shi kansa cokali daga wajen Buzaye muka aro shi, nahawun da ke jikin sunanka kuma Larabci ne. Na'ura mai ƙwaƙwalwa shekara nawa ana faɗa a labarai, je kasuwa ka ji ko ba kwamfuta ake saya ba.

Hajiyar Rediyo: Amma yanar gizo ta zauna, Baba, kada mu manta. Wata kalmar tana kamawa, wata tana mutuwa a ɗakin watsa labarai. Na binne da yawa da hannuna.

Malamin Nahawu: Ta zauna ne don an nace mata. A nace wa masungumi wata shida a gani.

Mai Fassara: Jama'a, wata shida kuma? Jibi fa na ce.

Ɗan Panteka: Malam Mai Fassara, bari in tambaye ka. A takardar taka akwai inda aka yi gargaɗi kan lanƙwasar nan, inda ƙarfen kwance ya haɗu da na tsaye?

Mai Fassara: Akwai, kusan shafi guda ma. Baturen da ya rubuta ta ya kira wurin dunduniya.

Ɗan Panteka: To nan ne maganar take. Duk nauyin a nan yake taruwa. Bara wani ya kawo mana nasa da aka yi masa a wani wuri da fayif mara kauri, an ɗinke kusurwar da walda layi ɗaya, ba a sa mata ko ɗan faranti mai kusurwa uku na tallafi ba. Ya jera taki buhu 20, kowanne kilo 50, ka ga tan guda ke nan. Yana ɗagawa kamar ƙafa huɗu sai ɗayan ya buɗe baki, falet ya karkata, buhunan suka zube daidai inda yaronsa yake tsaye minti ɗaya kafin nan. Na ga ɗinkin da idona, ya yage kamar an ɓare gyaɗa, cikinsa duk ramuka.

Shi ya sa in mun samu tsofaffin ƙahonin fokilif, motar nan ta ɗaga kaya a sito, a wajen 'yan gwangwan mun fi so. Amma su kuma ba a taɓa su da wuta. Ƙarfe ne da aka riga aka gasa aka daidaita ƙarfinsa, ka yi masa walda ko ka huda shi da gas ka kashe shi. Firam ake ƙerawa daban, a rataye su da maƙalansu, yadda za a iya matso su ko a ware su. Kuma a auna kaurin gindin: in ya cinye kashi 10 cikin 100, ƙarfin ɗaukarsa ya ragu da kashi 20, a yar da shi.

Yanzu ka faɗa wa yarona "duba gindin ƙaho", ya san inda zai sa ido. "Kada ka ɗora kaya a tsinin ƙaho, tura su har gindi", ya gane. Ka ce masa gindin masungumi, sai ya leƙa ƙarƙashin tarakta.

Tsohon Direba: Gaskiya ne. A ƙara da cewa duk yadda kaya suka yi nisa da gaba, haka ƙarfin loda ke raguwa, ƙafafun baya kuma su nemi tashi. A rataya nauyi a baya, ko da garma ce, kuma a yi tafiya kaya na ƙasa-ƙasa. Irin ƙahon da ake maƙalawa a leɓen bokiti ya fi kowanne wannan matsalar.

Malamin Nahawu: Masungumi ma yana iya samun gindi da tsini.

Ɗan Panteka: Guda ɗaya ne masungumin ko duka biyun? In ɗaya ya lanƙwashe me zan ce?

Malamin Nahawu: ...Hannun masungumi.

Na Maraɗi: Mun dawo jikin mutum ke nan, an bar na dabba.

Hajiyar Rediyo: To ga sulhu. Abin gaba ɗaya, firam da komai, masungumi. Ƙarafan biyu, ƙaho. Falet a bar shi falet, a bayyana shi sau ɗaya a farko.

Mai Fassara: Haka zan yi, amma da ɗan gyara. A kanu na sa "Yadda ake ƙera ƙahon ɗaukar kaya na tarakta", don shi mai walda zai gani ya ɗauki takardar. Masungumi na sa shi a sakin layi na farko a matsayin sunan abin dukansa. Falet na ce "dandamalin katako da ake jera wa kaya", na ba da awo biyu, na Turai santimita 120 da 80, na Amurka inci 48 da 40, don a san tsawon da za a yanka. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Malamin Nahawu: Sau ɗaya tak a shafi shida. To, Allah ya sa wani ya tsince ta. Amma ban yarda da falet ba, a rubuta ban yarda ba.

Na Maraɗi: In takardar ta iso nan, mu dai palet za mu karanta.

Mai Fassara: Afuwan, na kai shafi na biyar. Haidirolik fa?

Malamin Nahawu: Ina da kalma.

Tsohon Direba: Mai Fassara, rubuta haidirolik ka je ka kwanta.