Dan Allah a ba ni shawara, an ƙi sauke hotunan ƙanwata

Slm 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Wani ne ya nemi auren ƙanwata ba a ba shi ba, shi ne ya buɗe akawun da sunanta a wata manhaja, ya kwashi hotunanta na biki ya sa AI ya mai da su na tsiraici yana ta tura wa mutane har da dangin wanda za ta aura. Mun yi ta rifot, amsar da ke dawowa wai abin bai saɓa ƙa'idarsu ba. Shekararta 22, ko abinci ba ta iya ci, wayarta ma ta kashe ta jefa a durowa. Wai babu dokar da ke tilasta wa kamfanonin nan ne?

Anti daga Zariya: Innalillahi, Allah ya saka mata. Kafin komai ku yi sikirinshot na akawun ɗin da linkinsa da saƙonninsa har da kwanan wata, don ranar da aka sauke hujjarku ta tafi kenan. Kuma kar ku tura wa kowa hoton wai a taya ku rifot, yaɗa shi kuke yi.

Wani ɗan uwa: Doka akwai hajiya. Tun 2022 NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Najeriya, ta fitar da ƙa'idar da ta ce irin wannan hoton da aka sa ba da yardar mai shi ba, ko na gaske ne ko haɗi, a cire shi cikin awa 48 bayan ƙorafi. Amma tambayata a cikin jerin dalilan da manhajar ke nunawa, a wane layi kuka sa rifot ɗin? Mutanenmu da yawa layin farko da suka gani suke dannawa, kuma yawanci na'ura ce ke fara tacewa kafin ya kai idon mutum, in kika ce ba kya son ganinsa ne kawai to haka za ta ɗauka. Ku zaɓi na tsiraici ba da izini ba, sai ita da kanta ta cike fom na sojan gona daban, za su iya neman katin shaidarta. Yawan masu rifot ba shi ke sa a sauke ba wlh. In sun ƙi ku danna a sake dubawa.

'Yar uwa mai aikin kwamfuta: Ta shiga StopNCII, shafi ne na hana yaɗa hotunan tsiraici ba da izini ba. Hoton ba ya barin wayarta, wata lamba ce kamar tambarin yatsa ake cirowa a ba Facebook da Instagram da TikTok, in aka sake ɗora shi su gane. Amma ba ya hana wanda ake turawa ta WhatsApp. 'Yan ƙasa da shekara 18 kuma wani shafi irinsa mai suna Take It Down ake bi.

Yaya daga Jamus: Mu nan dokar DSA ta Tarayyar Turai, mai kula da kamfanonin intanet, ta fara aiki a kan dukkansu tun Fabrairun 2024, dole su faɗa maki dalilin hukuncinsu ki ɗaukaka ƙara, tara kuma tana iya kai kashi 6 cikin 100 na cinikinsu na duniya. Sai dai ba ta shafi ƙorafin da aka yi daga gida Najeriya ba.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka da alheri. Matsalar Baba ya ce ba ya son zancen 'yan sanda, wai tonon asiri ne.

Wani lauya: Ki lallaɓa Baba, in da hali ki sa kawunku ya yi masa magana. In an rufe wannan akawun gobe sai mutumin ya buɗe wani, kuma kamfani ba zai ba ki bayanan mai akawun ba sai ta hannun hukuma ko da umarnin kotu. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta hukunta sojan gona a sashe na 22, kuma 'yan sanda na da cibiyar laifukan intanet a Abuja. Lauya ya rubuta takardar koke ku haɗa da sikirinshot ɗin. In mai akawun ɗin ya nemi kuɗi ko sisi kar ku ba shi, ku ajiye saƙon ku haɗa da shi.