Wai Trier ƙauye ne?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke raina, mai jin haushi ya ji. Tun da aka buɗe zauren nan taron Sallah bai taɓa wuce Kolon da Frankfurt ba. Mu na Trier mu ne kullum a hanya, ga yara ga kulolin abinci, muna tsere da jirgin ƙasa a tashar Koblenz. Jiya na ce a kawo na bana wajenmu, sai wani bawan Allah ya biyo ni ta gefe wai wa zai kwashi iyalinsa ya kai su ƙauye. Ba zan kama suna ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Trier ne ƙauye? Garin da ya fi kowane gari tsufa a Jamus? Garin da sarakunan Rum irin su Constantine suka zauna, ake juya ƙasa daga Ingila har arewacin Maroko daga cikinsa? Mutum sama da 100,000 ne a ciki, a lissafin Jamusawa ma babban birni ne. A kawo taron Trier kawai.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Gaskiya hanya tana ba su wahala, a duba musu.

Injiniya: Baban Ilham ina tare da kai a kan wahalar hanya, amma ka janye "ya fi kowane gari tsufa". Wannan magana ce ta masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido kati. Garin Worms na nan. Tun kafin Rumawa su taka ƙafa a yankin, mutanen Celt suna zaune a wurin, sunansa Borbetomagus. Akwai ma haɗakar tsofaffin garuruwan Turai da aka kafa a 1994, da Argos na Girka da Cadiz na Sifaniya a ciki, kuma Worms ne ke riƙe da kujerar Jamus, ba Trier ba.

Baban Ilham: Injiniya, da ma na san kai za ka fara, tunda a Worms kake karɓar albashi. Zama a wuri daban, birni daban. Bukkoki ko'ina an yi su. Ana maganar gari ne mai tituna a tsare, da kasuwa, da gada, da hukuma. Augusta Treverorum, sunan da Rumawa suka sa wa Trier, zamanin Sarki Augustus. An ciro turakun tsohuwar gadar katako daga kogin Mosel, masana suka ƙirga zoben itacen, ya nuna an sare shi wajen shekara 17 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Itace ba ya siyasa. A 1984 garin ya yi bikin cika shekara 2000. Kai kuma hujjarka ita ce rajistar ƙungiya. Ni ma gobe sai in kafa tawa in sa kaina shugaba.

Ɗan Damagaram: Ku biyun duk kun ɓata. In takarda ake bi, Kempten ne, can Bavaria. Wani masanin ƙasa Bagirke mai suna Strabo ya rubuta sunan garin wajen shekara ta 18 Miladiyya, kuma da shi suke tinƙahon cewa su aka fara ambata a rubuce. Abin da ba a rubuta ba ai zancen bakin kasuwa ne.

Injiniya: To fa. Wato ranar da aka yi wa yaro takardar haihuwa ranar aka haife shi?

Ɗan Damagaram: A Jamus kam haka ne, je ka ofishin baƙi ba takarda ka gani.

Auta: 😂😂 Kawu ya gama magana.

Maman Sadik: Jama'a taron Sallah fa?

Baban Ilham: Anti bari in gama da su tukuna. Ku zo babbar kasuwar Trier, akwai wani jan gida a kusurwa, an rubuta a goshinsa da Latin cewa Trier ya riga Rum tsayuwa da shekara 1300. Da idona nake ganinsa duk Asabar.

Ustaz: Baban Ilham ka ji tsoron Allah, kana cikin gaskiyarka ka jawo tatsuniya. Rum an ce 753 kafin Miladiyya aka kafa ta. Ƙara 1300, ka koma 2053 ke nan. Wa ya ƙirga? Labarin da rubutun ya dogara a kai shi ne wai wani yarima Trebeta, ɗan sarkin Assuriya, matar ubansa ta kore shi, ya yi ta tafiya har ya yada zango a bakin Mosel. Malaman coci ne suka yi ta yaɗa shi don garinsu ya fi na maƙwabta daraja. Gidan kuma a 1684 aka gina shi, bama-bamai suka rushe shi a 1944, wanda kake gani an sake tayar da shi ne bayan yaƙi. Duk tsohon gari sai ya nemo wa kansa ɗan sarki daga gabas, mu ma ga Bayajidda daga Bagadaza.

Ɗan Daura: Malam dakata. Me ya kawo Bayajidda cikin rigimar Turawa? Kana nufin shi ma tatsuniya ne? Rijiyar Kusugu tana nan, ana shan ruwanta har gobe. Ka je ka gani, gani ya kori ji.

Ustaz: Ban ce babu rijiya ba, ɗan'uwa. Rijiya ba ta tabbatar da maciji.

Ɗan Daura: Ka janye. Wallahi ka janye. Mu ba a yi mana haka. Duk Hausa bakwai daga gidanmu suka fita, har da garinku.

Auta: Yaya ai Kano ta fi Daura girma yanzu.

Ɗan Daura: Girma ake magana ko tsufa? Yaro ka koma karatunka.

Alhajin Frankfurt: Tunda abin ya zama haka, ni ne na ce ƙauye, kuma ban janye ba. Garin da jirgin ƙasa mai gudu na ICE ba ya tsayawa. Garin da rabin mutanen da na sani a cikinsa da asuba suke tsallakawa Luxembourg neman abinci, su dawo su kwana. Tsufa ba ya cika ciki. Na je sau ɗaya, na ga baƙar ƙofar nan ta Rumawa, Porta Nigra, dutse ne a kan dutse, na sha shayi na koma.

Baban Ilham: Alhaji ashe kai ne ka fito da kanka, na gode da ka hutar da ni. "Dutse a kan dutse" ɗin nan shi ne abin mamakin ai. Wajen shekara ta 170 aka ɗora su, ba siminti ba laka, ƙarfe aka sa aka ɗaure kowane dutse da ɗan'uwansa. Da ka matsa kusa maimakon shan shayi, da ka ga ramuka a jikin bangon inda mutanen baya suka yi ta ƙwaƙule ƙarfen suna kai wa maƙera, amma ginin ko gezau. Sauran ƙofofin garin duk an kwashe duwatsunsu an yi gidaje. Wannan ta tsira ne saboda wani mai ibada Bagirke, Simeon, ya kulle kansa a cikinta har ya rasu a 1035, aka mayar da ita coci. Napoleon da ya zo a 1804 ya ce a cire abin da aka ƙara a bar ta yadda Rumawa suka gina. UNESCO ta sa ta a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1986, tare da babban cocin garin, da filin wasan Rumawa, da wuraren wankansu, da zauren Constantine mai tsawon mita 67 wanda babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. Gadar da motoci ke bi yau ƙafafunta na ƙarni na 2 ne. Frankfurt me kuke da shi ban da benaye da tsadar haya?

Alhajin Frankfurt: Muna da filin jirgin da kake zuwa duk lokacin da za ka tafi gida.

Injiniya: Kuma ka daina cewa "namu, namu". Porta Nigra ba ta hannun hukumar birninku, jihar Rheinland-Pfalz ce ke kula da ita, daga Mainz, babban birnin jihar. Magajin garinku ko tikitin shiga ba shi ke yankawa ba.

Baban Ilham: Worms ɗin naka ba a jihar yake ba? Daga Mainz ɗin ake juya ku ku ma. Trier birni ne mai cin gashin kansa, ba ya ƙarƙashin wata gunduma, hasali ma ofishin gundumar Trier-Saarburg da ke kewaye da mu a cikin garinmu yake. Muna da magajin gari, Wolfram Leibe na jam'iyyar SPD, tun 2015, jama'a ke zaɓensa kai tsaye wa'adin shekara 8. Majalisar birni kujera 56, zaɓe duk shekara 5. An raba garin yanki 19, kowanne da ƙaramar majalisarsa da mai unguwarsa na zaɓe. Ƙauye ne ke da wannan?

Auta: Kawu gaskiya ne wai ƙuri'a 56 mutum ɗaya yake da ita?

Baban Ilham: Ƙwarai. Iya yawan kujeru iya yawan ƙuri'unka. Kana iya ba mutum ɗaya har 3, kana iya tsinto wannan daga jam'iyya kaza, wancan daga wata. Takardar zaɓen in an buɗe ta sai ta rufe teburin cin abinci. Maƙwabcina ya karɓi tasa ta gidan waya a 2024, sai da ya ɗauko tabarau da fensir ya zauna kamar mai jarrabawa.

Alhajin Frankfurt: Maƙwabcinka. Kai fa? Ka taɓa dangwala wa wani a cikin 56 ɗin?

Baban Ilham: Ka san sai mai fasfon Jamus ko na Tarayyar Turai. Mu akwai majalisar ba da shawara ta baƙi da muke zaɓa.

Alhajin Frankfurt: Shi ke nan. Kana ta tayar da jijiyar wuya a kan garin da ko kansila ba ka isa ka zaɓa ba.

Maman Sadik: Haba Alhaji, wannan kuma ya zama gori. Ba kowa Allah ya ba jan fasfo lokaci ɗaya ba.

Kwamared: Ni abin da ya ba ni haushi, an yi ta lissafa sarakuna da limaman coci, ba wanda ya ambaci mutumin da ya sa duniya ta san Trier. Karl Marx, 5 ga Mayu 1818, a titin Brückenstraße aka haife shi, gidan yana nan an mayar da shi gidan tarihi. Duk wanda ya taso a gidan NEPU ko PRP ya san me ake nufi da talaka da mai danne shi. Don wannan kaɗai ya isa a kai taro can.

Ustaz: A kai taron Sallah garin mutumin da ya kira addini abin sa maye? Kwamared ka dai sake tunani.

Kwamared: Malam ba a bayansa za mu yi sallar Idi ba.

Injiniya: Kuma mutum-mutuminsa da ke kusa da baƙar ƙofar ma kyautar ƙasar Sin ce, 2018, mita 5.5 har da dandamalinsa. Sai da majalisar birni ta yi ta cacar baki kafin ta kaɗa ƙuri'ar karɓa, wasu na cewa bai dace a karɓi kyauta daga gwamnatin da ke ɗaure masu sukarta ba. A shekarar har takardar kuɗi ta Yuro 0 mai hotonsa aka buga, ana sayar da ita Yuro 3. Mai yaƙi da jari-hujja ya zama haja. Har a fitilar ba da hannu sun sa shi, in ya yi kore ka tsallaka.

Kwamared: Wannan ai shi ya tabbatar da abin da ya faɗa.

Ɗan Daura: Har yanzu ina jiran Ustaz ya janye.

Ɗan Damagaram: Ni kuma ba wanda ya amsa min maganar Strabo. Shiru ma amsa ce.

Injiniya: An amsa maka, ka koma sama.

Hajiyar Kolon: Salamu alaikum. Na dawo daga aiki na tarar da saƙonni sun cika min waya. A matsayina na mai kula da zaure bari in tattara, don Allah kowa ya tsaya haka. Abin da na fahimta: su kansu masu cewa Trier ya fi tsufa sun kasa kawo hujjar da kowa ya yarda da ita, har an kama su da tatsuniya. Worms da Kempten kowa da tasa, ba wanda ya yi nasara. Abin da ba wanda ya musa shi ne Kolon tun shekara ta 50 Miladiyya take da cikakken matsayin birni a dokar Rum, albarkacin Agrippina, matar Sarkin Rum, da aka haifa a nan, kuma yau mutum sama da miliyan 1 ne a cikinta, ga babban masallaci a Ehrenfeld, ga jirgi daga ko'ina ba sai an canza ba. An kuma nuna damuwa mai ƙarfi game da batun Marx. Saboda haka ra'ayin mafi yawa shi ne taro ya zauna inda aka saba. Baban Ilham ƙanena ka yi haƙuri, Alhaji kai ma ka riƙa tauna magana. Masu kawo waina da masu kawo lemo su tura min suna ta gefe.

Baban Ilham: Hajiya da girmanki. Ba wanda ya musa saboda ba wanda ya ambaci Kolon sai ke yanzu. Shekara ta 50 ai Trier ya haura sittin da kafuwa. Kuma yaushe aka ƙirga "mafi yawa"? Mutum ɗaya ne ya yi ƙorafi a kan Marx.

Hajiyar Kolon: An rufe wannan babin.

Ɗan Daura: Ba a rufe nawa ba. Ustaz, maciji ne ko ba maciji ba?